Muzurun da Ya Wuce Zaure: Sharhi Kan Wani Labarin Soyayya da Rikiɗa

Cikin littattafan soyayya da ake sayarwa ta waya, akwai wani reshe da masu karatu a nan Kaduna suka karɓa hannu bibbiyu, wato labarin da masoyin cikinsa ba cikakken ɗan Adam ba ne. Mafi yawan waɗanda na ci karo da su, aljani ne yake bin budurwa, amma wanda zan yi magana a kansa ya bi wata hanya dabam, domin jaruminsa ya fito ne daga wata zuri'a da take rikiɗa ta koma dangin kyanwa: talakawan zuri'ar su zama mage ko muzuru, 'ya'yan gidan sarautarsu kuma su iya kaiwa har ga damisa. Na biya kuɗina na karanta shi daga farko har ƙarshe, na kuma bi muhawarar da aka yi ta tafkawa a rukunin masu karatunsa. Ba zan kama sunan littafin ko na marubuciyarsa ba, saboda ina da ƙorafi mai nauyi a kansa, kuma ba na son maganata ta jawo wa baiwar Allah zagi alhali ta yi aikin da ya cancanci yabo a wurare da dama.

Hanyar sayen ita ce wadda aka saba: mutum ya tura kuɗi ta banki, ya aika da shaidar biya, sai a saka shi a rukunin WhatsApp inda ake sakin shafuka kaɗan-kaɗan. Kuɗin bai yi tsada ba, kuma an cika alkawarin lokaci a mafi yawan ranaku. Abin da ya rage wa aikin daraja shi ne rashin tacewa, domin babu haruffa masu lanƙwasa ko ɗaya, an cusa Turanci a bakin tsofaffin da labarin da kansa ya ce ba su yi boko ba, kuma akwai inda aka saki shafi kafin wanda ya kamata ya gabace shi. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kamata ya nemi mai duba masa rubutu.

Labarin ya fara da wata ɗalibar koyon aikin jinya da take zaune da goggonta a Tudun Wada. Wani dare a tsakiyar damina ta tsinci baƙin muzuru a bakin rariyar gidansu, yaran unguwa sun rotsa masa ƙafa da jifa saboda an ce maye ne. Ta ɗauke shi a cikin tsohon zani, ta dafa ruwa ta zuba gishiri, ta wanke raunin, ta ɗaure da ƙyalle, goggon tana tsaye a kanta tana ta'awizi tana cewa a fitar mata da wannan abu daga gida. Bayan wasu makonni sai wani tela mai shago a Kasuwar Barci ya fara zuwa zance wurinta, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

Rabin farkon nan shi ne ya sa ban yi nadamar kuɗina ba, kuma dalilin shi ne marubuciyar ta san kyanwa sani na wanda ya zauna da ita. Ba ta fito ta ce mana telan nan muzuru ne ba, sai dai ta yi ta ajiye alamu ga mai lura. An ɗauke wuta a kasuwa gab da magariba, maƙwabtansa suna laluben fitila, shi kuwa ya zura zare a allura a cikin duhu bai ko ɗaga kai ba. Ba a samunsa a shago tsakanin azahar da la'asar saboda nauyin barci, amma da dare ya raba sai a ji ƙarar kekensa. A wurin wani biki, mai ɗaukar hoto ya haska shi, idanunsa suka fito kore shar a hoton, aka ɗora laifin a kan kyamara. Wannan kuwa haka abin yake ga dangin kyanwa, domin a can bayan ƙwayar idonsu akwai wata 'yar fata mai sheƙi da take mayar da haske, ita ce take ƙara musu gani da dare, ita ce kuma take sa idonsu walƙiya idan fitilar mota ta haska su. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda budurwar ta yi masa alkaki da hannunta, ya ci ya yi godiya, amma da ta matsa masa sai ya ce mata shi bai taɓa jin abin da mutane suke kira zaƙi ba, ya dai ci ne saboda ita ta yi. A 2005 masu bincike a Amurka sun nuna cewa ƙwayar halittar da take sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a jikin kyanwa da manyan danginta na daji. Marubuciyar ta ɗauki wannan ƙaramin ilimi ta mayar da shi maganar soyayya mai taɓa zuciya, ba tare da ta tsaya yi mana lacca ba.

Wasu daga cikin masu karatu sun ce ai wannan duk kwaikwayon littattafan Turawa ne, kuma a wannan rabin ban yarda da su ba. Rikiɗa tamu ce tun kaka da kakanni. Mun tashi muna jin tatsuniyar ɓaunar da ta zama kyakkyawar budurwa ta auri maharbi don ta san asirinsa, da ta yarinyar da ta ƙi duk manemin da yake da tabo har ta faɗa hannun wanda ba mutum ba, ga kuma zancen mutanen da ake cewa suna zama kura da dare. Sauran al'ummu ma suna da nasu: mutanen Masar na dā sun siffanta abar bautarsu Bastet da jikin mace da kan kyanwa, Japanawa suna da labarin tsohuwar kyanwar da take ɗaukar kamar mutum, a kudancin ƙasar nan kuma ƙungiyar Ekpe ta Efik da maƙwabtansu da damisa take alfahari. Abin da marubuciyar ta ƙara a kan tatsuniyoyinmu shi ne ta tsaya a gefen wanda ake zargi. Yadda ta zana taron da ya kewaye muzurun da duwatsu ya tuna mini cewa zargin maita ba wasa ba ne a unguwanninmu, yana raba tsohuwa da gidanta, yana kuma iya kaiwa ga rasa rai. Ta sa goggon, wadda ita ce ta fi kowa tsoronsa, ta tuna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, daga nan ta daina korarsa. Wannan wuri ya yi kyau ƙwarai.

To amma a nan ne kuma babbar matsalar littafin take kwance. Muzurun nan ya yi makonni yana jinya a ɗakin yarinyar, yana kwana a gefen katifarta, tana sauya tufa a gabansa, tana gaya masa sirrin da ba ta gaya wa kowa ba, alhali shi baligi ne mai cikakken hankali a cikin fatar dabba. Gidan Bahaushe yana da zaure ne domin namijin da ba muharrami ba ya tsaya a nan, kuma aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Kyanwa ce kaɗai aka sake wa hanya ta shiga ko'ina, har hadisin Abu Ƙatada da Imamu Malik ya kawo ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Wannan sakewa an yi ta ne domin dabba ce. Saboda haka abin da jarumin ya yi cin amana ne, ko da bai yi niyya ba a daren farko, domin tun ranar da ƙafarsa ta iya taka ƙasa ya kamata ya fita. Na yi tsammanin marubuciyar ta gane haka, domin lokacin da asiri ya tonu ta sa yarinyar ta tambaye shi abin da ya gani a ɗakinta. Sai dai ba ta bar tambayar ta yi aikinta ba. Ya amsa da cewa ƙaddara ce ta haɗa su tun kafin a haife su, ta yi kuka na shafi ɗaya, shi ke nan aka wuce.

A kan wannan ne rukunin masu karatu ya rabu. 'Yan mata da yawa sun ga abin a matsayin tsananin so, wai ya kasa rabuwa da ita ne. Wata babbar yayarmu, uwar 'ya'ya mata, ta rubuta cewa ita da ta kai wurin sai ta ajiye wayar, domin da ɗan maƙwabta ne ya ɓuya a ƙarƙashin gadon 'yarta babu wanda zai kira shi masoyi. Wata ƙaramar yarinya ta amsa mata da ladabi, ta ce, "Anti, ai labari ne, ba gaske ba." Ni ina tare da yayar tamu. Labari ne, amma 'yan matan da ba su gama sakandare ba suna cikin masu karanta shi, kuma a irin waɗannan littattafai da yawansu suke fara koyon abin da ake kira so.

Daga nan labarin ya sauka daga kan hanyarsa. An ɗauke mu daga Tudun Wada aka kai mu wata fada a cikin dajin Birnin Gwari, inda zuri'ar take da shugaba guda mai iko a kan kowa, da majalisa, da dokar cewa duk namiji yana da mace ɗaya da aka halitta dominsa, wadda zai yi wa tambari da cizo a wuya, kuma ba ta da ikon ƙi. A nan masu cewa kwaikwayo ne suka yi gaskiya, domin an ciro wannan tsari ne kai tsaye daga labaran Turawa na mutanen da suke zama kyarkeci, aka liƙa wa damisa ba tare da an duba ko ya dace da ita ba. Damisa ba ta zaman garke. Ita kaɗai take yawo, ita kaɗai take farauta ta haye bishiya da namanta, namiji da mace su haɗu na 'yan kwanaki su rabu, uwa ta yi renon 'ya'yanta ita kaɗai har su kusa shekara 2. Ba banza ba Bahaushe ya yi mata kirari da ƙi sabo. A duk dangin kyanwa na daji, zaki ne mai zaman garke na sosai, shi ma kuma mata ne ginshiƙin garken. Hatta zancen shugaban kyarketai mai danne kowa da ƙarfi, ya samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya buga a 1947 kan waɗanda aka tsare a gidan namun daji, kuma masanin nan David Mech ya bayyana a 1999 cewa a daji garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Da marubuciyar ta riƙe halin damisa na gaskiya, da ta sami rikicin da ya fi wannan zurfi: yaya mutumin da jininsa yake jan sa zuwa kaɗaici zai zauna a gidan aure irin namu, mai dangi da surukai da suna da biki da gaisuwar mutuwa?

Maimakon haka, telan nan mai kunya da kawaici ya koma mai tsawa da kishi, ya hana ta zuwa asibitin da take koyon aiki saboda yana jin ƙanshin maza a jikinta, ya karɓe mata waya, kuma duk an rubuta wannan a matsayin alamar ƙauna. Yarinyar da ta tsaya a gaban goggonta ta ceci dabba a cikin ruwan sama, ta zama wadda ba ta da aiki sai suma da farfaɗowa. Shafukan wannan ɓangare sun yi yawa ba tare da wani abu ya faru ba, kamar miyar da aka tsinka da ruwa don ta ishi baƙi, kuma ina kyautata zaton buƙatar sakin shafi kullum ce ta jawo haka.

Akwai kuma masu karatun da damuwarsu ta addini ce, suna tambaya ko jarumin mutum ne, ko aljani, ko matsafi, domin hukuncin aurensa ya danganta da amsar. Ban ga laifin tambayar ba, tunda marubuciyar da kanta ta sa shi yana salla yana azumi, ta kuma sa aka ɗaura auren a masallaci da waliyyi da sadaki. Malamai sun daɗe da tattauna auren mutum da aljani, har an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi shi ne don gudun kada mace ta yi ciki ta ce na aljani ne, ɓarna ta yawaita. Littafin ya kauce wa zancen gaba ɗaya, ya ce kawai gado ne na jini. Ga wanda ya ɗauki labarin a matsayin tatsuniya wannan ya wadatar, amma waliyyin yarinyar ya ba da aurenta bai san ko wane ne angon ba, kuma ko a shari'a ɓoye babban aibi a wurin aure magana ce da ake zama a kanta.

An rufe littafin da amarya tana da juna biyu, an kuma sanar cewa kashi na biyu yana tafe da sabon biya. Zan ba manya shawarar su karanta wannan na farko saboda rabinsa na gaba, amma ba zan miƙa shi ga ƙanwata da take aji biyar a sakandare ba sai mun zauna mun yi magana a kan abin da ya faru a ɗakin nan. Kashi na biyun kuwa zan jira in ji daga waɗanda suka riga ni, ko yarinyar ta koma makarantar jinyarta, ko kuma an gaya wa goggonta gaskiyar wanda ta aurar wa 'yar ɗan'uwanta.