Gidan kallon da ya nuna mana ƙwallon Gaelic a Unguwar Rimi

Tun daga watan Agusta har zuwa Oktoba na riƙa zuwa wani gidan kallo a Unguwar Rimi, inda mai gidan ya biya kuɗin wani shafin intanet da ke nuna gasar ƙwallon Gaelic ta manyan kulob-kulob na gundumar Galway a ƙasar Ailan, wato wasan mutanen ƙasar da ake bugawa da ƙafa da hannu. Da farko mu uku ne kawai a kan benci, sauran matasa kuwa sai su leƙo su ce wannan wane irin ƙwallo ne da ake ɗauka da hannu.

Abin yabo shi ne haƙurin mai gidan wajen bayani: kowace ƙungiya na da 'yan wasa 15, ana wasa na minti 60, ƙwallon da ya shiga raga maki uku ne, wanda ya haye sandar gola kuma maki ɗaya, sai dai tun 2025 harbin da ya haye sandar daga bayan layin mita 40 yana kawo maki biyu. Shi ne ma ya shaida mana cewa ba a biyan 'yan wasan albashi, kuma Corofin, wata ƙungiya ta gundumar Galway, ta ci kofin kulob na ƙasa baki ɗaya sau uku a jere, daga 2018 zuwa 2020.

Inda na ga gazawa shi ne janareta, domin ranar wasan kusa da ƙarshe ya mutu ana saura minti biyar, muka ƙarasa kallo a wayar wani yaro, kawunanmu a haɗe. Kujerun ma sun tsufa, amma hoton allon ya fita tsaf.