Garin ruwan fure: abin da yake yi da abin da ba ya yi a zafin Bauchi

Masu kwalliyar wurin biki a Bauchi sun san cewa ɗanyen fure ba a nan ake noma shi ba. Yawanci daga Jos yake saukowa, tafiyar kamar awa biyu a mota, wani kuma na Kenya ne da ya biyo ta Legas ko Abuja. Kafin ya iso ya riga ya sha ƙishirwa. A nan ne amfanin garin da ake kaɗawa a ruwan fure yake shigowa, irin wanda kamfanonin Chrysal da Floralife suke yi a ƙananan ledoji. Na yi aiki da shi a kan wardi da lili da jabera (fure mai faɗin fuska da dogon kara), kuma hukuncina shi ne yana da amfani sosai, amma ga wanda zai auna shi daidai.

Abu uku ne a cikinsa: sukari, wanda yake ciyar da toho har ya buɗe, sinadari mai tsami, wanda yake sa ruwa ya hau kara da sauƙi, sai maganin da yake hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a bokiti. Na biyun nan yana da muhimmanci a wurinmu, domin ruwan burtsatse a wasu unguwanni yana da kanwa-kanwa, fure kuwa ruwa mai ɗan tsami yake so.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne awo. Ƙaramar leda ta giram 5 ta rabin lita ce, ta giram 10 kuma ta lita ɗaya. Sai ka ga an juye leda biyu a bokiti mai lita goma don tattali. Wannan ya fi rashin sawa muni. Sukarin da ya shiga ya isa ya ciyar da ƙwayoyin cuta, maganin kuma ya tsinke ba ya iya kashe su. Washegari ruwa ya yi duhu yana wari, ƙasan kara ya yi yauƙi, hanyoyin shan ruwa sun toshe, sai wardi ya sunkuyar da kai tun bai buɗe ba. In garin ba zai isa ba, a rage ruwan. Ruwa mai zurfin santimita 10 zuwa 15 ya ishi wardi, jabera kuma kamar santimita 5, don karanta mai gashi ne, yana saurin ruɓewa.

Bokitin ya zama na roba, a wanke shi da bilic a ɗauraye. Na ƙarfe ba ya shiri da tsamin garin. A tsige duk ganyen da zai nutse, a yanke santimita 2 zuwa 3 daga ƙasan kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsoma nan take. Dakusasshen almakashi murƙushe kara yake yi. Daga nan a bar furen ya sha na aƙalla awa huɗu, kwana ya fi, kafin a fara ɗaura shi.

Lokacin karɓa ma lissafi ne. In kamu Alhamis ne, dina kuma Asabar, kada a kawo komai rana ɗaya. Wardi yana son kwana biyu zuwa uku ya buɗe, lili mai rufaffen toho yana iya kai kwana biyar. Da lili ta buɗe a cire 'ya'yan tsakiyarta masu hoda ruwan goro, don in ta taɓa farin leshin amarya ba ta fita da sauƙi.

Abin da garin ba ya iyawa shi ne sanyi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake dosar digiri 40, babu ledar da za ta ceci furen da aka bari a zaure. Wardi ya fi son digiri 2 zuwa 5. Wanda ba shi da firij na musamman ya nemi ɗaki mafi sanyi, ya rufe labule, ya kauda bokiti daga bakin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Firiza kuwa ƙone fure take yi. A hunturu matsalar bushewar iska ce, sai a lulluɓe kawunan da leda mara nauyi, sako-sako.

Akwai kuma abin da ba a gani. Ayaba da mangwaro da tumatir da suka nuna suna fitar da iskar etilin, wadda take tsufar da fure ta kakkaɓe shi. Hayaƙin janareta ma yana ɗauke da ita. Gidan biki kuwa cike yake da su duka, ga turaren wuta a kowane ɗaki. Fure ya sami ɗakinsa shi kaɗai.

In garin ya yanke a kasuwa, ana iya haɗa madadi: lita ɗaya ta ruwa, babban cokali biyu na ruwan lemun tsami, ɗaya na sukari, da kwatan ƙaramin cokali na bilic. A cikin ruwan za a zuba kowanne daban, kada a haɗa bilic da lemun tsami zalla, iska mai cutarwa suke fitarwa. Wannan madadin yana riƙe fure kwana biyu ko uku in ana sauya ruwan, amma na leda ya fi shi tsayawa daidai. Ga bikin da zai ɗauki mako, na leda zan saya, in lissafa litocin ruwana tun kafin in yi oda.