Gwangwanin madarar da ya tona mini asiri a Magazin

Shekarata goma sha ɗaya ina cin abinci da injin katako, shida a Kano, biyar a nan Kumasi. Da wani ya ce mini akwai abin da ban sani ba game da boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, da dariya zan yi masa. Sai ga shi wata dattijuwa mai carbi a hannu ta kwance mini zani a kasuwa, a gaban yarana biyu da suke kirana Masta.

Injin da nake tsaye a kansa yana Sokoban, inda aka kwashe kafintocin unguwar Anloga aka zuba su. Tsohon inji ne ɗan Ingila, na fitar da ƙirar bakin ƙofa da taga. Sandarsa a tsaye take, wuƙaƙe a sama, bel a ƙasa, tana juyawa sau 4,500 a minti ɗaya. Aibinsa guda ne, yana cin boris kamar akuya ta samu dusa. Wata biyu, uku in an yi sa'a, sai ya fara kuka, mazaunin boris ɗin ya ɗauki zafin da ba ka iya ɗora hannu, katakon odum mai tsada ya riƙa fitowa da zane-zane kamar kaza ta yi tono a kai. Ni kuwa na saba abin da muka saba a gida: in kwance, in naɗe matattun a tsumma, in tafi kasuwa in ce a ba ni irin wannan.

Kasuwar ita ce Magazin ta Suame. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya haɗa Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna a ransa, ya ƙara musu jar ƙasa da baƙin mai, sannan ya ninka. Sunan ya samo asali ne daga rumbun makamai na zamanin Turawa, kuma tun 1980 jami'ar kimiyya ta garin ta kafa wata cibiya a tsakiyar makanikan don koya musu aikin injina. Makanike a nan fita ake ce masa, kayan Beljiyam kuma hom-yus.

Ranar Asabar ce, shagon da na saba saye a rufe, mai shi ya tafi jana'iza. Wannan ma wani ciwon kai ne da zan daɗe ban saba da shi ba. Asantawa, mutanen garin, ba sa wasa da bikin mutuwa, Asabar ta yi rabin gari ya sa baƙi da ja, kai da injinka sai ku jira Litinin. Wani yaro ɗan Aboabo da ya ji ina mita da Hausa shi ya ja ni lungu, ya nuna mini wani ɗan shago da bai fi rumfar mai shayi ba. Kwalaye ne jere har rufi, kowanne da lamba a goshinsa. Mai shagon Hajiya ce 'yar Zango, ta haura sittin. Hausarsu ta nan ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne, amma wallahi ranar ban rasa fahimtar kalma ko ɗaya ba, har na so a ce na rasa.

Na gaishe ta, na miƙa tsumma. Ta warware a kan tebur. Boris biyu masu layi ɗaya suka mirgino, sai wani siririn yankin gwangwanin madara ya faɗo tsakaninsu, har da sauran jan fenti a jikinsa. Ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar ta tsinci ƙuda a koko.

"Ɗana, wannan fa?"

"Ciko ne, Mma. Sandar ta ɗan yi masa sako-sako."

"Ciko. Matashin kai kake ɗinkawa?"

Yarana suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ta tambaye ni kaurin sandar. Na ce ai ga tsohon nan, irinsa kawai za ta ba ni. Ta ce tana da irinsa kwali guda, kuma ba za ta sayar mini ko ɗaya ba, don bayan wata biyu zan zagaya Sokoban ina cewa kayan Hajiya jabu ne. Na ciro kuɗi na ajiye a gabanta, ta ture su da bayan hannu ta ci gaba da jan carbinta. A rayuwata ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya kori kuɗin da ya zo har gabansa ba. Raina ya ɓaci sosai, har na juya zan tafi, sai na tuna duk layin a rufe yake.

Jikanta ta haɗa ni da shi, yaron da bai wuce sha bakwai ba, riƙe da wani ɗan akwatin katako. Muka hau pragya, wato Keke Napep ɗinsu, muka ƙarasa da turoturo, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, kuɗin mota duk a kaina. A shago ya buɗe akwatin ya fito da ma'aunin kauri, irin wanda ake murɗawa a hankali har ya yi ƙas-ƙas. Ya goge sandar da gefen rigarsa, ya auna wuri uku, ya rubuta a tafin hannu: milimita 31.75. Inci ɗaya da kwata ke nan. Injin Ingila ne, da inci aka ƙera shi, ni kuma shekara biyar ina cusa masa boris mai ramin milimita 32. Tazarar kwatan milimita ce, kaurin takarda biyu zuwa uku. Ita nake toshewa da gwangwani, in bai kama ba in ɗauki ƙusa da guduma in sassare jikin sandar don ta yi kaushi. Yaron ya shafa waɗannan sare-saren da ɗan yatsa, ya dube ni, bai ce komai ba. Gara ma da ya yi magana.

Da muka koma, Hajiya ta sa aka ba ni benci, ta yi mini karatun da ya kamata a ce na samu tun ina yaron shago. Lambar da ke jikin boris ba ado ba ce. Daga 04 zuwa sama, ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar, ka samu faɗin ramin a milimita. Ta sauko da 3206, ramin 30, bayansa 62, kaurinsa 23.8. Na gaba da shi 3207, ramin 35. Tsakaninsu babu mai 31.75. Ta ɓalle murfin wani tsoho ta nuna mini cikinsa, ƙwallaye layi biyu a zobe ɗaya, kowane layi ya jingina ta ɓangarensa, a karkace kamar digiri 30. Bel yana jan sanda gefe, wuƙa tana tura ta sama da ƙasa, katako yana neman karkatar da ita, layukan biyu suna tare duk ukun, kuma tun daga masana'anta aka daidaita 'yar sararin da ke tsakaninsu. Biyun da nake gwamawa kuwa kowa harkar gabansa yake yi, ɗaya na ɗauke da kaya ɗaya na hutu, har mai ɗaukar ya mutu ya ja ɗan'uwansa. In ka ga 2RS, murfin roba ne gaba da baya, shi ne maganin garin katako. ZZ murfin ƙarfe ne, ƙura mai laushi tana iya ratsa shi. C3 kuma an ƙara masa sarari a ciki saboda wurin zafi.

Ta kuma gargaɗe ni da wani mai layi biyun, dangin 12 da 22, wanda cikinsa ke lanƙwasa ya bi sanda duk inda ta karkata. A ido kamar ɗaya suke, amma aikinsu ya saɓa, ni da nake son sanda ta tsaya cak ba nawa ba ne. Daga baya na karanta cewa wannan ɗin shi ne wanda Sven Wingquist ya ƙirƙiro a 1907 a ƙasar Suwidin, lokacin yana kula da injinan wata masaƙa da sandunanta suka riƙa gocewa, kuma a kansa aka kafa kamfanin SKF. Ashe har da masaƙa a tarihin abin. Sai na tuna masaƙunmu na Bompai da Sharada da Challawa, na yi shiru.

Hanya biyu ta ba mu. Ko a kai sandar wurin masu injin sassaƙar ƙarfe a rage ta zuwa 30, a kuma yi wa mazaunin hannun riga tunda shi ma da inci yake, ko a sa a ƙera mana boris daidai awon injin. Na ce ai Magazin babu abin da ba sa ƙerawa, na ga sun haɗa injin niƙa daga tarkace. Ta ce wannan ya fi ƙarfinsu. Ƙarfen boris na musamman ne, mai sinadarin kurom, sai an gasa shi ya taurare sannan a goge hanyar ƙwallayen da dutse har kuskuren ya koma abin da ido ba ya gani. Maigidana, da yake yana ji da injin nan kamar ɗan fari, ya ce a yi odar.

Nan na ga abin da ya burge ni, nan kuma na sha takaici. Takarda ta ciro ta cike da hannunta: rami, baya, kauri, gudun sanda, awa nawa inji ke aiki a yini, irin ƙurar wurin, ta wane gefe nauyi ya fi faɗawa. Ta ɗauki hoto ta tura wa wakilinta, shi kuma ya tura wata masana'anta a Indiya. Bayan kwana huɗu zane ya dawo a waya, aka ce maigidana ya duba ya amince kafin a taɓa ƙarfe. Amma masana'anta ba ta kunna inji don guda ɗaya, sai da Hajiya ta nemo wasu mutum biyu masu irin injinmu aka haɗa oda. Kuɗi kuma gaba ɗaya, kafin a fara, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Babu ragi, babu "albarka", babu "kawo rabi in kaya sun zo ka cika". Na yi magiya irin tamu, na haɗa da zumuncin Hausa da na Musulunci, ta ce duk ta yarda da su, amma dala ba ta jin Hausa. Ga lissafinsu mai juya kai. Tun 2007 aka yanke wa sidi, kuɗin Gana, sifili huɗu, amma har gobe mutum zai dube ka ya ce miliyan huɗu alhali sidi 400 yake nufi. Ranar farko da ta faɗi kuɗin sai da na dafa bango.

An ce mako takwas, sai da aka yi sha ɗaya. Kullum amsa ɗaya, kaya suna tashar jirgin ruwa ta Tema. A makonnin nan na yi kewar gida ba kaɗan ba. A Kano da tuni wani Alhaji ya ce ɗauki wannan ka lallaɓa, in ka samu ka kawo, ya haɗa maka da ruwan sanyi da labarin siyasa. Wannan sauƙin kai da yarda da juna babu su a nan, kuma duk wanda ya ce muku akwai, bai zauna ba.

Sai dai ku bar ni in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Wannan "lallaɓa" ɗin ita ta kashe mu. Sau nawa na tsaya a shago a gida, mai kaya ya ɗora tsohon boris a kan sabo, ya kanne ido ɗaya ya ce "zai shiga"? Sau nawa aka wanke mataccen boris da fetur, aka cusa masa giris, aka sa a sabon kwali mai sunan babban kamfani aka ce orijina ne? Ni kaina an yi mini, na kuma san wanda ya yi, muna sahu ɗaya a masallaci. Mai sayarwa bai da ma'auni, makanike bai da shi, mai inji bai tambaya ba, in abu ya lalace a ce kayan yanzu ne ba su da ƙarko. Yaro ya shekara bakwai a gareji ya fita bai san me lambar jikin boris ke nufi ba, don ubangidansa ma bai sani ba. Ga ni nan shaida.

Kada kuma wani ya ɗauka Gana aljanna ce. Jabu na nan jibge a Magazin, masu "zai shiga" ma suna nan da yarensu. Kuma a wannan kasuwar ce aka rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019, da hujjar dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, wadda ta ce baƙo sai ya zuba jarin dala miliyan ɗaya. Har yau in na buɗe baki aka ji Hausar Kano, akwai masu canza fuska. Mace ɗaya nake ba ku labari, ba ƙasa ba.

Kafin kayan su iso, an kai sandar Magazin an cike wurin da na sassare da walda, an sassaƙe ta ta koma awonta na asali. Ranar ɗaurawa jikan Hajiya ya zo da kansa. Abu na farko da ya yi, ya ɗauki gudumata ya miƙa wa ƙaramin yarona ya ce ya kai ta waje. Ya ɗora boris ɗin a kan kwan fitila ya ɗan yi ɗumi, ba zafi ba, don kada robar ta lalace. Ya sa guntun bututu daidai zoben ciki, ya riƙa ɗaure noti a hankali har ya zauna. Ya ce duka a zoben waje yana bi ta cikin ƙwallaye ya lotsa hanyarsu, boris ya mutu tun bai fara aiki ba. Muka kunna. Na saba sai na ɗaga murya in ina magana kusa da injin nan, ranar sai na ji kaina ina ihu a banza.

Wata goma sha huɗu ke nan ban kwance shi ba. Na sayi ma'auni nawa, na sayi na biyu zan ba mai zuwa Kano ya kai wa ƙanena da ke Dakata, ko da yake na san abin da zai fara tambaya shi ne nawa zai yi in an sayar.

Gwangwanin kuwa Hajiya ba ta ba ni abina ba. Ta buga ƙusa a jikin kanta ta rataye shi, duk wanda ya zo da tsumma yana cewa a ba shi irin wannan sai ta nuna masa, ta ce na wani Masta ne daga Kano. Shekaranjiya na bi ta layin zan sayi bel, na yi sauri in wuce, sai na ji muryarta daga cikin shago: "Mai Ciko, ba gaisuwa?"