Kafin ka sayi littafin tsoro na tsofaffin gidaje, duba waɗannan

Jama'a masu tambaya ta wanne za su fara a cikin littattafan tsoron Turawa irin na dā, masu tsohon gida da duhu da kaburbura, ku sani tun yanzu labaran nan ba sa sauri, duk wanda ya saba da fim ɗin da aljani ke fitowa tun minti biyar na farko sai ya yi haƙuri sosai.

Dracula na Bram Stoker, na 1897, shi zan ce a fara da shi. Babi huɗu na farko wallahi sun kama ni, baƙo a kulle a gidan sarauta a Transilbaniya, cikin ƙasar Romaniya ta yau, ya leƙa taga cikin dare ya hango mai gidan, wato Dracula, yana sauka jikin bango kai a ƙasa kamar ƙadangare, na kasa ajiyewa. Amma da labarin ya koma Ingila sai wasiƙun 'yan mata da zancen masu neman aure, shafi bayan shafi, duk littafin ma wasiƙu ne da rubutun kullum na mutanen ciki, nan kam na gaji har raina ya ɓaci, sai daga baya tsoron ya dawo a hankali. Ina sonsa, tsakiyar ce ta cika ja.

Frankenstein na Mary Shelley, 1818, ya fi gajarta, sai dai tausayi ya fi tsoro yawa a ciki.

Udolpho na Ann Radcliffe kuwa, 1794, juzu'i huɗu aka fitar da shi, bayanin duwatsu da faɗuwar rana ba iyaka, kuma a ƙarshe ta nuna maka abin da ake tsoro ba fatalwa ba ce. Kada sabon shiga ya zuba jakarsa a nan.

Mu nan Garwa da Marwa a Kamaru fassarar Faransanci muka fi samu wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, to dan Allah ku duba bango, in an rubuta cewa taƙaitacce ne na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, an yanke wurare da yawa, wanda ba shi da juriya ma shi ya fi masa. Ku buɗa ƙarshe kuma ku tabbata shafukan ba su zube ba. Tunda tsofaffi ne duka ukun suna nan kyauta a intanet, karanta babi biyar ko shida na Dracula a waya tukuna, in ka wuce wasiƙun nan ba ka yi barci ba sai ka je ka sayi na takarda.