Sharhi kan pramipexole: yana kwantar da ƙafa mai hana barci, amma kada a ƙara awonsa da ka

Pramipexole, wanda ake sayarwa da sunayen Mirapex da Mirapexin da Sifrol, magani ne da ba a shansa sai likita ya rubuta. Kamfanin Boehringer Ingelheim ne ya ƙirƙiro shi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don cutar Parkinson, mai sa karkarwa da nauyin motsi, a 1997, sannan a 2006 ta ƙara da ciwon ƙafar nan mai hana mutum sukuni da dare. Saboda wannan na biyun nake shansa, a kan mafi ƙanƙantar awo. Ra'ayina a kansa shi ne yana aiki ƙwarai kuma cikin sauri, amma ba zan ba kowa shawarar ya fara da shi ba, kuma duk wanda aka rubuta wa shi ya kamata ya san inda yake juyewa mutum.

Da farko a tabbatar ciwon ne. Alamarsa ita ce mutum ya ji dole sai ya motsa ƙafa, tare da wani abu can cikin sha-raɓa ko sangali kamar kiyashi na yawo a ƙashi. Yana tasowa idan an zauna ko an kwanta, ya lafa idan an tashi an taka, ya fi tsanani da yamma da dare. Ɗaurewar naman ƙafa mai zafi da ke tashin mutum daga barci wani abu ne daban, haka ma zugi da dindiris ɗin da ciwon suga ke sa wa tafin ƙafa, waɗanda tafiya ba ta rage su. Pramipexole ba ya maganin waɗannan, kuma shansa a kansu ɗaukar haɗari ne a banza.

Aikinsa shi ne kwaikwayon dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen sarrafa motsin jiki. Ga mai ciwon ƙafa, sau da yawa tun daren farko ko na biyu ake jin bambanci: ƙafa ta natsu, harbe-harben da take yi cikin barci su ragu, mutum ya wayi gari ba a gajiye ba. A nan kam babu abin da zan ce sai yabo. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta da wuyar haɗiya, kuma ana iya shanta da abinci ko babu.

Ana farawa da miligiram 0.125 sau ɗaya a rana, awa 2 zuwa 3 kafin a kwanta. Lokacin yana da muhimmanci, domin maganin yana ɗaukar kamar awa 2 kafin ya kai ƙarfinsa a jini. Wanda ya jira sai ƙafa ta fara damunsa sannan ya sha, zai ce maganin ba ya aiki, alhali shi ne ya makara. Idan bai wadatar ba, likita kan ƙara bayan kwana 4 zuwa 7 zuwa 0.25, sannan 0.5. A Amurka nan ne iyakar mai ciwon ƙafa, a Turai kuma 0.75.

Akwai wani ruɗani a jikin kwali da ke sa mutane shan abin da ba a rubuta musu ba. Wasu kamfanoni suna rubuta nauyin maganin haɗe da gishirin da aka ɗaure shi da shi, wasu kuma nauyin tsurar sinadarin. Don haka 0.125 da 0.088 ƙwaya ɗaya ce. Haka 0.25 da 0.18, 0.5 da 0.35, miligiram 1 da 0.7. Wanda ya saba da 0.25 aka ba shi kwali mai 0.18, kada ya ɗauka an rage masa ya haɗa biyu. Duk lokacin da aka canza kamfani, a nuna wa mai ba da maganin tsohon kwalin a gwada lambobin. Duk awon da na ambata a wannan sharhi na lissafin farko ne, mai gishirin.

Ga cutar Parkinson tsarin daban ne kuma awon ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ana farawa da 0.125 sau uku a rana, mako na biyu 0.25 sau uku, na uku 0.5 sau uku, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, iyaka miligiram 4.5 a rana. Akwai nau'in da ke narkewa a hankali, wanda ake sha sau ɗaya a rana. Ba a tauna shi, ba a fasa shi, ba a daka shi, domin hakan zai zubo awon yini guda cikin jini lokaci ɗaya. Kuma ba a yi wannan nau'in don ciwon ƙafa ba. Wanda ke haɗa pramipexole da levodopa, wani maganin Parkinson, ya lura da murɗe-murɗen jiki da ba da niyya ba. In sun bayyana, yawanci levodopa ɗin likita ke ragewa.

Matsalolin makonnin farko su ne tashin zuciya, jiri, ciwon kai da maƙarƙashiya. Tashin zuciyar yakan ragu idan an sha bayan an ɗan ci wani abu, kuma yakan wuce da kansa. Jirin yana zuwa ne saboda bugun jini na sauka idan mutum ya miƙe tsaye, don haka a zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin a tashi, musamman da dare. Wasu ƙafarsu kan kumbura. Tsofaffi, musamman masu Parkinson, sukan yi gane-gane, su ga mutane ko dabbobi a ɗaki alhali babu kowa. Wannan ba hauka ba ne, maganin ne, kuma rage awo yakan gyara shi, amma a gaya wa likita da wuri.

Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne barci. Ba gyangyaɗi kawai ba, wasu barci kan sace su farat ɗaya suna magana ko suna cin abinci ko suna tuƙi, ba tare da sun ji alamar zuwansa ba. Yana iya faruwa ko bayan watanni da farawa. Wanda abin ya taɓa samu ko sau ɗaya, ya ajiye tuƙi da aiki da injin har sai likita ya duba shi. Giya da magungunan sa barci suna ƙara wannan haɗarin.

Sai kuma abin da mutane ke jin kunyar faɗa. Dofamin ba motsi kaɗai yake sarrafawa ba, har da kwaɗayi da jin daɗin samu. Shi ya sa maganin kan sa wasu su faɗa caca, ko sayayyar abin da ba su da buƙata, ko ci ba ƙoshi cikin dare, ko sha'awa ta yi musu yawa fiye da yadda suka san kansu. A cikin masu Parkinson da ke shan irin wannan rukunin magani, an samu kusan mutum 1 cikin 6 da irin wannan matsala, kuma tana faruwa ga masu ciwon ƙafa duk da ƙarancin awonsu. Mugun abin shi ne mai shi ba ya ganin laifin maganin. Gani yake son ransa ne kawai, sai ya ɓoye. Mutanen kirki sun yi asarar dukiya da aure a kan wannan. Don haka tun ranar da aka fara, a gaya wa miji ko mata ko wani na jiki cewa in ya ga an canza hali wajen kuɗi ko abinci ko sha'awa, ya yi magana, kuma ya raka mutum wurin likita. Idan an rage maganin ko an canza shi, yawanci halin yakan koma yadda yake.

Amma babban dalilin da ya sa na rage masa maki shi ne yadda, a ciwon ƙafa, maganin da kansa yake iya ƙara ciwon bayan an daɗe ana sha. Ga yadda abin ke tafiya. Ciwon da a da yake farawa bayan an kwanta sai ya fara zuwa da magariba, daga baya da la'asar. Zaman da ake iya yi na awa guda kafin ƙafa ta motsa sai ya koma na minti kaɗan. Sai abin ya hau hannu, wani lokaci har gangar jiki. Mai ciwon zai ce maganin ya yi masa kaɗan, a ƙara masa, ya ji sauƙi na wasu makonni ko watanni, sannan ciwon ya dawo fiye da da, a sake ƙarawa. Ƙarin da ake yi shi ne ke hura wutar. Binciken da aka bi marasa lafiya shekaru ya nuna kusan mutum 7 zuwa 8 cikin 100 ke faɗawa wannan hali a kowace shekarar shan maganin, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan awo da kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Saboda haka ne a 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta daina sa pramipexole da ɗan'uwansa ropinirole a sahun farko, ta fifita gabapentin da pregabalin da gyara ƙarancin ƙarfe. Su ma suna da nasu illolin, jiri da barci da ƙiba, amma ba sa juya ciwon haka. Abin da ke taimakawa wajen gane matsalar da wuri shi ne a riƙa rubuta ƙarfe nawa ƙafa ta fara damun mutum. In lokacin ya matso gaba da awa 2 ko fiye, a koma wurin likita, kada a ƙara ko rabin ƙwaya.

Maganar ƙarfen nan ya kamata ta zo kafin ƙwayar farko. A nemi gwajin feritin, wato ma'ajiyar ƙarfe ta jiki, ba gwajin yawan jini kaɗai ba, domin mutum na iya samun jini isasshe alhali ma'ajiyar ta yi ƙasa. Ana ɗibar jinin da safe, ba a sha ƙwayar ƙarin jini ba a awa 24 da suka gabata. Ga mai wannan ciwon, feritin 75 ko ƙasa da haka ya isa a ba da ƙarfe, ko da takardar gwajin ta nuna yana cikin ƙa'ida. Yawanci ferrous sulfate ake bayarwa, mai ƙarfe miligiram 65, kullum ko bayan kwana ɗai-ɗai, tare da bitamin C, ba tare da shayi ko madara ba, a sake gwaji bayan wata 3. In hanji ba ya ɗauka, akwai wanda ake ɗaurawa ta jijiya a asibiti. Wasu da wannan kaɗai suke samun sauƙi. Kada dai a sha ƙarfe ba gwaji, domin yawansa yana lalata hanta.

A kuma bincika sauran magungunan da ake sha. Metoclopramide da prochlorperazine na amai, da haloperidol da chlorpromazine, duk suna toshe dofamin, wato suna rushe aikin pramipexole. Abin takaici ne a sha metoclopramide don tashin zuciyar da maganin ya jawo. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su diphenhydramine da promethazine, da wasu na ciwon damuwa kamar mirtazapine, suna tayar da ciwon ƙafar. Cimetidine na gyambon ciki kuma yana hana ƙoda fitar da pramipexole, har yawansa a jini ya ƙaru da kusan rabi. Kusan kashi 90 cikin 100 na maganin ta fitsari yake fita, don haka mai ciwon ƙoda awonsa daban ne, kuma tazarar ƙarinsa takan kai kwana 14. Ba a ba da shawarar shansa ga mai juna biyu, kuma yana rage ruwan nono ga mai shayarwa.

In an manta ba a sha ba har lokaci ya wuce sosai, a bar shi, kada a ninka na gaba. Dainawa kuwa ba a yin ta rana ɗaya. Mai Parkinson da ya yanke shi kwatsam yana iya samun zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki da ruɗewa, wanda sai an garzaya da shi asibiti. Wasu kuma, har da masu ƙaramin awo, sukan shiga fargaba da baƙin ciki da gumi da ciwon jiki da rashin barci idan ana janye shi. Ga mai ciwon ƙafa, likita kan fara ba da maganin da zai maye gurbinsa, sannan a riƙa rage pramipexole da kamar 0.125 duk bayan mako biyu ko fiye. Dararen farko bayan kowane ragi sukan yi wuya, ƙafa ta tashi fiye da yadda aka saba, sannan ta lafa cikin kwanaki zuwa makonni. Gara a tsara ragin a lokacin da ba a da doguwar tafiya ko aikin da ke buƙatar tuƙi da sassafe.