Objektif mai faɗi na bidiyo: abin da ya kamata ka duba kafin ka fidda kuɗinka a Yamai

Duk wanda yake ɗaukar biki a Yamai ya san ɗakin amarya. Tsawo mita huɗu, faɗi mita uku, gado ya cinye rabi, kwabet ta cinye bango guda, ƙawaye kuma sun cika abin da ya rage. Ka ja baya har ƙeyarka ta taɓa bango, amma fuskar amarya da kafaɗar ƙawa ɗaya kawai suka shiga hoto. A nan ne yawancinmu muke fara tunanin sayen objektif mai faɗi, wato gilashin gaban kamera mai ɗauko wuri da yawa a hoto ɗaya, kuma fikis, wato wanda ba ya zum, domin shi ne ya fi shan haske, ya fi sauƙin nauyi, kuma ba ya zuƙar ƙura kamar zum mai shiga da fita.

Kuskuren da na fi gani wajen ƴan'uwa masu wannan sana'a shi ne sayen lamba. Mutum ya ji an ce 24mm mai faɗi ne (yadda lambar mm ta ragu, haka faɗin yake ƙaruwa), ya aika a kawo masa daga Kano ko Dubai, ya ɗaura a kan Canon 700D, ya tarar ba abin da ya canza. Dalili kuwa sensar kamerarsa, wato farantin ciki da hoto yake sauka a kai, ƙarama ce. Babbar sensa, irin ta Canon 5D ko Sony A7, faɗinta milimita 36 ne. Ƙaramar, wadda ake kira APS-C, ba ta kai haka ba, shi ya sa ake ninka lambar objektif sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Sony da Nikon da Fuji. A kamerorin Panasonic irin GH5 kuwa sau 2 ake ninkawa. Ga lissafin a cikin ɗakin nan: idan ka tsaya mita uku daga bango, 24mm a babbar sensa zai ɗauko faɗin mita huɗu da rabi. Shi wannan 24mm ɗin a Canon APS-C mita 2.8 kawai zai ba ka. 16mm a Sony APS-C zai kawo kusan mita 4.4. Shi kuwa 50mm f/1.8 da kowa yake ƙauna (lambar f ita ce buɗewar objektif, ƙarama ta fi shigar da haske), a ƙaramar Canon, mita 1.3 ne iyakarsa, bai wuce mutum biyu a zaune ba.

Ba a nan yankan ya tsaya ba. Wasu kamerori suna ƙara datse hoto idan ka shiga 4K. Canon 5D Mark IV tana yanke kusan sau 1.7, Sony A7 IV idan ka sa ta 4K mai hoto 50 ko 60 a daƙiƙa tana komawa sau 1.5. Ka kunna mai hana girgiza na lantarki, shi ma ya ɗebi nasa daga gefe. Sannan idan mai aiki ya ce a tsaye yake son bidiyonsa saboda TikTok ko sitatus na WhatsApp, kai kuma ka ɗauka a kwance, abin da zai rage maka bai cika kashi ɗaya cikin uku na faɗin ba. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin kowane objektif, ka san yadda kake ɗauka kullum, ka yi ninkin, ka ga ainihin faɗin da zai shigo hannunka.

Ni a ganina, ga mai ɗaukar mutane, wurin zama shi ne tsakanin 20mm da 24mm a ma'aunin babbar sensa. 24mm yana buɗe digiri 84, 20mm digiri 94, 14mm kuwa har 114. Wannan 114 ɗin yana ruɗar sabon shiga, don komai yana shiga, gadar Kennedy da kogi da gajimare duka a hoto ɗaya. Amma ka jera iyayen amarya su shida a kan tabarma ka ɗauke su da 14mm: wadda take tsakiya lafiya lau, wadda ta faɗo gefe sai fuskarta ta baje, kafaɗarta ta ninka, ɗaurin kallabinta ya karkace. Wannan ba lahanin gilashi ba ne da za a ce wani kamfani ya fi wani, haka kowane objektif mai faɗi sosai yake yi wa abin da ke gefe. Kuma Hajiya ba za ta saurari bayaninka ba ranar da ta ga kanta a talabijin ɗin falo. Idan ka matso kusa da fuska ma, hanci ne zai riga komai isowa. 14mm na gini ne, da fili, da cikin mota, da wurin da ba yadda za a yi. A filin kokowa na Tawa ma, faɗin zai ba ka cikar jama'a da makaɗa da tashin ƙura, amma ƴan kokowar kansu sai dogon objektif.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda masu sharhi daga ƙasashen sanyi ba su cika tsayawa a kai ba: rana. Mu nan muna ɗauka hoto 25 a daƙiƙa, gudun shata 1/50, wato kowane hoto yana shan haske kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, wanda ya dace da wutar NIGELEC mai 50Hz, ba ka ganin fitila tana kyaftawa. To da tsakar ranar Yamai, ISO 100 (ma'aunin jin haske na sensa) da 1/50 sai ka tsuke objektif har wajen f/22 kafin hoto ya daidaita. Idan kana son f/2.8, sai ka rage haske mataki shida, kowane mataki yana raba haske biyu, wato ka sa filtar ND64, baƙin gilashi mai rage haske. Idan kuma da S-Log3, tsarin ɗaukar launi na Sony, kake ɗauka a FX30 ko FX3, inda ISO ke farawa daga 800, ƙara mataki uku a kai. Ma'ana, objektif ɗin da ba ya karɓar filta a gaba, rabin yininka ba shi da amfani. Samyang 14mm da Sigma 20mm f/1.4 Art na tsohon maɗaurin Canon EF duk gabansu a kumbure yake kamar ƙwai, babu zaren da za ka murɗa filta. Sai dai ka sayi babban akwatin filta mai murabba'i, ƙarin kuɗi, ƙarin nauyi, ƙarin abin da zai faɗi daga kan kabu-kabu. Kuma wannan gaban mai kumburi shi ne a fili cikin hazon hunturu, ba abin da ke kare shi. Ni kam wannan kaɗai ya isa in ajiye objektif komai kyansa.

Ko filtar ma da sauran magana. ND mai juyawa, wadda kake murzawa haske ya ragu, tana da hali a kan objektif mai faɗi: in ka kai ta ƙarshe sai wani duhu mai siffar X ya fito a sararin sama. Yadda faɗin ya ƙaru haka abin yake ƙara muni. Nemi siririya mai iyaka a murzawarta, ko ka riƙe ND tsayayyu guda biyu. Ka sayi babba, 77mm ko 82mm, da zoben ƙari mai haɗa ta da ƙaramin baki, ta yi maka aiki a kan duk gilasanka kuma bakinta ba zai leƙo a kusurwa ba.

Sai maganar buɗewa. Gaskiya ne f/1.4 yana shigar da haske ninki huɗu na f/2.8, kuma daren da aka ɗauke wuta ana tsakiyar kiɗa, za ka gode wa Allah da shi. Amma tsakanin f/1.4 da f/1.8 bambancin bai cika mataki ɗaya ba, alhali bambancin kuɗin yana da yawa. Kada kuma ka sayi mai faɗi da fatan baya zai narke irin na 85mm. Sai ka matso kusa ƙwarai kafin ka ga wannan. Idan ka ga harafin T maimakon f, kamar Samyang 24mm T1.5, wannan ma'aunin hasken da ya ratsa gilashin da gaske ne, yana da amfani ga masu haɗa kamera biyu ko uku a fim ɗaya.

Zaɓi na gaba shi ne fokas: na hannu ko otofokas. Gilasan sinima irin na Samyang suna da haƙora a jiki don na'urar jan fokas, zoben yana da farko da ƙarshe, inda ka sa alama nan za ka dawo ka tarar. Zoben haske ma ba ya ƙas-ƙas, kana fitowa daga ɗaki zuwa tsakar gida ka rage shi a hankali ba wanda ya lura. Ga fim mai labari, inda akwai mai taimako da lokacin maimaitawa, wannan shi ne daidai. Kuma fokas na hannu a objektif mai faɗi ba shi da wuya: 14mm a f/4, ka ajiye shi wajen mita biyu, daga kusan mita ɗaya har nesa komai garau. Amma mai biki shi kaɗai yake, gimbal, na'urar riƙe kamera mai hana girgiza, a hannu, yana tafiya da baya gaban ango, yara suna ratsawa. Wannan otofokas yake buƙata, mai shiru, mai bin ido. Ka saurari motar fokas ɗin da kunnenka, domin tsofaffin gilasan hoto suna da ƙara da makirfon kan kamera yake kwashewa.

Akwai kuma abin da ake kira numfashin fokas. Ka kafa kamera, ka sa ƙofa a gefen hoto, ka juya fokas daga kusa zuwa nesa. Idan ƙofar tana shiga tana fita kamar ana zum, gilashin yana numfashi. A hoto ba wanda ya damu, a bidiyon hira kuwa ido yana kamawa. Kamerorin Sony irin A7 IV da FX30 suna gyara shi da kansu, amma sai da gilasan Sony, kuma da ɗan yanke gefe.

Idan aka zo sunaye, ga yadda nake kallonsu. Mai Sony APS-C, irin a6400 ko ZV-E10 ko FX30, da wuya ya wuce Sigma 16mm f/1.4 da aka fitar a 2017: daidai yake da 24mm, nauyinsa giram 405, filta 67mm, kuma yana da yawa a kasuwar na hannu. Wanda yake son ƙarin faɗi akwai Viltrox 13mm f/1.4, kusan 20mm ke nan, shi ma filta 67mm. Sony 11mm f/1.8, giram 181, ya dace da mai riƙe kamera yana magana da ita, amma ga fuskokin mutane a gefe ya yi faɗi. A babbar sensa, Sony 20mm f/1.8 G na 2020 shi ne wanda zan miƙa wa mutum ba tare da dogon tunani ba: giram 373, filta 67mm, zoben haske da ake kashe ƙas-ƙas ɗinsa, an yi shi da kariyar ƙura, sai dai yana numfashi. Yayansa 24mm f/1.4 GM ya fi shi shan haske da kyau ga fuska, in aljihu zai ɗauka.

Canon RF 16mm f/2.8 ƙarami ne ƙwarai, giram 165, mai arha, gimbal ba ya ko jin sa. Amma gilashin kansa yana lanƙwasa layi sosai, kamera ce take miƙewa da lissafi, kusurwoyi suna yin laushi, kuma ba shi da kariyar ƙura. A R50 ko R10 ya koma kamar 26mm, an kuma yanke gefen da ke da rauni, sai ya zama abin kirki. Masu 5D da 6D su duba EF 24mm f/2.8 IS, domin yana da mai hana girgiza a ciki, abin da waɗannan kamerorin ba su da shi. Masu 600D zuwa 80D kuwa, gaskiya fikis mai faɗi ya yi musu ƙaranci. Akwai Samyang 16mm f/2 mai fokas na hannu, in ba shi ba gara mutum ya haƙura da fikis ya ɗauki Tokina 11-16mm f/2.8. Kada a sayar maka da EF-S 24mm a ce mai faɗi ne. Gilashi ne mai kyau, amma kamar 38mm yake gani.

Yawancinmu na hannu muke saye, kuma babu garanti, babu wurin mayarwa. Ka je da kamerarka da katinka. Ka cire murfi gaba da baya, ka haska fitilar waya ta ciki ka karkata shi. Ƴar ƙura ba komai ba ce, duk gilashin da ya yi hunturu ɗaya a Nijar yana da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa, wato fumfuna, da hazo a tsakanin gilasai, da ƙarzuwa a gilashin baya, wadda ta fi ta gaba illa. Ka murza zoben fokas kusa da kunne. In kana jin gurza-gurza, yashi ya shiga. Sannan ka nemi katangar bulo, ka tsaya daidai gabanta, ka buɗe objektif gaba ɗaya ka ɗauka, ka duba kusurwoyi huɗu. In uku sun fito ɗaya ta dushe, ya taɓa faɗuwa, gilashin ciki ya goce, kuma gyaransa a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Mai kaya zai ce, "Haba ƙanena, wannan ai bai yi aiki ba." Ka ce, "Na yarda Alhaji, bari dai in fita da shi rana minti biyu." Ka juya shi wajen rana, ka ga ko hoton yana wankewa fari, ko ƙwallayen kore suna yawo, domin objektif mai faɗi kullum rana ko fitilar rumfar biki tana cikin hotonsa, dole ya iya da su.

Bayan ka saya, kada ka goge ƙura da bakin riga, yashi ne, yana ƙarzar gilashi. A hura da famfon roba tukuna. Kada ka canza objektif a fili lokacin iska. Kada ka bar shi cikin mota a watan Afrilu. Da damina ka ajiye shi a roba mai murfi da ƴan ƙunshin silika. Kuma tun wajen lissafin kuɗi ka ware na filtar ND mai kyau da zoben ƙari da murfin kare rana, ko da hakan zai sa ka sauko daga f/1.4 zuwa f/1.8.