Hidimar dawo da asusun Gmail: tana aiki, amma sai ga wanda ya shirya mata

Duk wanda aka yi wa kutse a Gmail, ƙofa ɗaya Google ya buɗe masa, wato shafin g.co/recover. Masu asusun kyauta ba su da lambar da za su kira, ba kuma ma'aikacin da zai saurari rantsuwarsu. Na'ura ce ke tambaya, ita ke yanke hukunci. Wannan ne babban aibin hidimar. Don haka wanda ya tare ka a WhatsApp ya ce ka turo kuɗi ya dawo maka da asusu, ɗan damfara ne.

Wajen gano kutsen kuwa, a yaba musu. Da an shiga daga baƙuwar waya, gargaɗi zai iso. A kwamfuta, can ƙasan akwatin saƙo ta hannun dama akwai Details, wanda ke nuna lokaci da wurin da aka buɗe asusun kwanan nan. In ka ga ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, ko saƙon roƙon kuɗi a Sent, wurin saƙonnin da aka aika, wanda ba kai ka rubuta ba, an shigo.

Nasara a shafin dawowa ta dogara da abubuwan da mutane ke rainawa. Yi amfani da wayar da ka saba buɗe imel da ita, a inda ka saba, domin Google na gane na'urar. Rubuta kalmar sirri ta ƙarshe da ka tuna, ko da tsohuwa ce, kada ka tsallake tambayar. Sannan ka hanzarta: in ɓarawon ya canja lambar wayar, Google kan iya ci gaba da tura lambar tantancewa zuwa tsohon layinka har kwana 7 kawai.

A nan ne jama'armu ke faɗuwa. Da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu asusun, ya sa lambar wayarsu a matsayin kalmar sirri, wani lokaci ma layinsa ya saka. Wasu kuma layin ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani. Irin waɗannan da wuya shafin ya yarda da su.

Abin da ya fi damuna shi ne, bayan an dawo da asusu, Google ba ya share tarkon da ɓarawo ya ɗana. Canja kalmar sirri bai wadatar ba. Shiga Settings na Gmail a kwamfuta, buɗe Forwarding and POP/IMAP, ka cire duk adireshin da ake tura wa saƙonninka wanda ba ka sani ba. Duba Filters ma, don a nan ake ɓoye umarnin da ke kwashe saƙon banki ya tura waje ko ya goge shi kafin ka gani. Abin da aka jefa a Trash, kwandon shara na imel, kuma yana nan kwana 30, sai dai in an kwashe shi da gangan.

Daga nan je myaccount.google.com, sashen Security, ka fitar da duk na'urar da ba taka ba, ka gyara lambar waya da imel na ajiya, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri. Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambar tantancewa a waya, ya fi saƙon tes tsaro, tunda ana iya sace layi. Za ka iya karɓar lambobin ajiya na shiga asusu in waya ba ta hannu, guda 10, kowace mai alƙaluma 8, sau ɗaya ake amfani da kowace. Kwafe su a takarda, kada ka adana su cikin imel ɗin.